Matan karkara da tazarar haihuwa: amsa ga ƙanwata da aka tura asibitin ƙauye

Wata ƙanwata a aiki, wadda ta gama makarantar koyon aikin lafiya aka tura ta wani ƙaramin asibiti a yankin Bagudo, ta aiko mini da tambaya. Ta ce wata 4 ke nan duk ranar awo da ranar rigakafi sai ta tsaya ta yi wa mata bayanin tsarin iyali. Su yi tsit suna saurare, in ta gama su ce “mun gode Malama”, su gyara goyo su kama hanya. Waɗanda suka dawo neman wani abu ba su cika yatsun hannu ba. Shi ne take tambaya: rashin sani ne, ko addini ne ya hana su, ko kuwa matan ƙauye ba sa son hutawa ne?

Ƙanwata, na haura shekara 20 ina karɓar haihuwa a jihar Kebbi, daga ƙasar Argungu har ƙasar Yawuri, kuma ban taɓa haɗuwa da macen da ta haihu sau biyu ba ta san ciki a kan goyo wahala ba ne. Sun san shi tun kafin a gina asibitin da kike ciki. Har suna suka raɗa masa: wasu su ce kwanika, wasu su ce rurrutsa. Ki zauna a gidan suna ki saurari tsofaffi in aka shigo da yaro ramamme ga uwarsa da ciki, za ki ji irin habaicin da za a yi mata, har shi maigidan ba zai tsira ba. A al'adarmu abin kunya ne. Shi ya sa aka yi goyon ciki da wankan gida, mace ta koma gaban iyayenta ta haihu ta yi jego, a da har ta ɗauki watanni ba ta koma ɗakinta ba. Shi ya sa ake shayarwa har kusan shekara 2 kafin kaka ta ɗauki yaro yaye. Gurun da za ki gani a ƙugun wata, da laya, da rubutun sha, duk shaida ce cewa tana neman hutun, hanyar ce ba ta samu ba. Wasu har ƙwayar zurma suke haɗiya wai kowace ɗaya shekara guda. Wannan kam ki hana, domin zurma guba ce.

Abin da ya sauya shi ne katangar da al'ada ta gina ta zube. Zaman gida ya dawo kwana arba'in, a wasu gidajen ma ko shi ba a yi. Mace ta koma ɗaki jikinta bai gama komawa ba, kuma babu abin da ya maye gurbin wancan nisantar. To a nan ne aikinki yake. Idan kika tsaya gaban mai 'ya'ya shida kina gaya mata haihuwa kusa da kusa na da illa, kin gaya wa mai ɗaki inda ɗakinta ke yoyo. Za ta yi miki kara ta saurara, amma ba ki ba ta komai ba.

Akwai abubuwan da ba su sani ba da gaske, kuma ƙanana ne a baki, manya a sakamako. Babbansu maganar nono. Kusan kowace mace za ta ce miki, “Ai ni ina shayarwa, ban ga wanki ba, ba ni ɗaukar ciki.” Akwai gaskiya a ciki. Tsotson jariri yana sa jiki ya danne fitar ƙwai, kuma kariyar tana kaiwa kusan kashi 98 cikin 100, amma sai sharuɗɗa uku sun haɗu a lokaci guda: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta raunana. Yanzu ki duba gidajenmu. A zafin watan Afrilu na Kebbi wace uwa ce za ta yarda jaririnta ba ya jin ƙishirwa? Ana ba shi ruwa tun satin farko, ana ba shi ɗauri, wata uku an fara kunu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla. Sannan ga abin da ya fi kama mata: ƙwai yana iya fita kafin a ga jinin farko. Mace na jiran wanki ya zo ta san lokacin kiyayewa ya yi, ashe ciki ya riga ya shiga. Wadda ba ta shayarwa kuwa, kamar wadda jaririnta ya koma, tana iya ɗaukar ciki tun kafin ta yi arba'in. Da yawa daga masu kwanika ba sakaci suka yi ba, lissafin da suka gada ne ya saɓa.

Daga nan sai kuskure na biyu ya hau kan na farko. Da zarar mace ta gane tana da ciki, sai a ce nononta ya gurɓace, zai sa wa yaro zawo. A yaye shi rana ɗaya, a shafa wa nono ɗaci, a kai shi gidan kaka. Ba zan manta wata yarinya da aka kawo mini daga wani ƙauyen bakin fadama ba. Watanta 11, an yaye ta sati uku da suka wuce. Na naɗa mata ma'aunin damtse, ya tsaya a ja, ƙasa da santimita 11 da rabi. Gashinta ya yi laushi ya koma ja, ƙafafun sun kumbura, na danna yatsa wurin ya lotsa bai taso ba. Ko kuka ba ta iya yi sosai. Uwar na zaune a gefen benci da cikin wata huɗu, na ja fatar idonta na ga fari fat. Kakar ta ce, “Nonon ciki ta sha, shi ya ɓata ta, shi ya sa munka cire ta.” Na ce, “Inna, ba nonon ba ne ya ɓata ta, cire ta da aka yi ne.” Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yana iya raguwa, ɗanɗanonsa na iya sauyawa, amma mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa tana ƙara cin abinci, ana ƙara wa yaron kunun gyaɗa da wake da kifi da ganye, a janye shi a hankali. Wannan magana tsofaffi sun fi karɓarta in kika haɗa da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya ce ya yi niyyar hana gila, wato saduwa da mai shayarwa, sai ya tuna Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu.

Kin tambayi ko nawa ne tazarar da ya kamata ki riƙa faɗa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, wanda ke nufin kusan shekara 3 tsakanin wa da ƙani. Bayan ɓari kuma aƙalla wata 6. Dalilin a jikin uwa yake. Ciki da shayarwa suna kwashe sinadaran da ke gina jini, kuma macen da tuwo da miyar kuka ne abincinta, ga zazzaɓin cizon sauro kowace damina, ba ta mayar da su cikin 'yan watanni. Ta shiga sabon ciki da ƙarancin jini, jinin da wata za ta zubar wajen haihuwa ta tashi, ita shi zai kwantar da ita. Jaririn kuma ya fi fuskantar zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa, in ta yi saurin ɗaukar ciki, ɗinkin mahaifar na iya buɗewa a naƙuda, kuma kin san nisan da ke tsakanin ƙauyenku da inda ake da ɗakin tiyata da jini.

Amma kada ki ɗauka in kin gyara musu wannan lissafi shi ke nan za su yi layi. Abin da ke zuciya ya fi abin da ke kai nauyi. Wancan binciken na 2018 ya nuna a Kebbi, cikin yara 1,000 da aka haifa, 252 ba sa kai shekara 5. Babu jihar da ta kai mu a lokacin. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Kashi 66 cikin 100 na ƙananan yaranmu kuma a lokacin sun tsumbure. In kina cike katin awo kika tambayi mace haihuwa nawa, ta ce tara, kika ce nawa ke raye, ta ce biyar, to ki ajiye biro ki dube ta. Wannan matar ba za ta ji maganar rage haihuwa da kunnen da kike faɗarta ba. Wadda ake kira mai wabi, duk cikin da ta ɗauka fata ne. Abin da za ki iya nuna mata da gaskiya shi ne yaran da aka haifa ƙasa da shekara 2 bayan na gabansu sun fi mutuwa nesa ba kusa ba, a kan waɗanda aka ba tazara. Ke da ita abu ɗaya kuke so, wato wanda aka haifa ya rayu. Daga nan za ki fara.

Sai kishi, wanda ba a rubuta shi a littafin da kika karanta ba. Wata mata da na karɓi haihuwarta ta takwas, bayan mun sha fama da zubar jini har sai da aka ƙara mata leda biyu, na zauna bakin gadonta na ce, “Yaya, jikin nan naki yana neman hutu.” Ta juya fuska bango ta ce, “Malama, na sani. To mi za ni yi? Amarya ɗiya ukku gare ta cikin shekara huɗu, duk maza. In na tsaya, ni da ɗiyana mata mi za mu samu cikin gidan?” Ba jahila ba ce. Lissafin gado take yi, da lissafin daraja a idon miji da danginsa, da wanda zai riƙe ta in ta tsufa. Ban da amsar da za ta share wannan, ke ma ba ki da ita. Abin da na ce mata shi ne in ta rasu wajen haihuwa ta tara, amaryar ce za ta riƙe mata waɗannan takwas ɗin. Ta yi shiru mai tsawo. Bayan arba'in ta dawo da mijin.

Maganar miji kuwa, yawancin matan da na sani ba su taɓa tayar da zancen da mazansu ba. Kunya ta hana, ko tsoron a ce ta gaji da shi, ko a zarge ta da wani abu. Sai ta yanke wa kanta hukunci cewa ba zai yarda ba. Na sha kiran maigida gefe in tarar bai taɓa jin bayanin daga bakin kowa ba, ji-ta-ji-ta ce kawai ta majalisa. Manomi ne, ya san gonar da ake nomawa rani da damina ba taki ƙarshenta gajiya, ya san shinkafar da aka dasa a cushe ba ta yin kai. Ya kuma san kuɗin jini da kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi cikin dare. Akwai masu ƙi ƙememe, ban musa ba, kuma akwai gidan da maganar uwar miji ce ke yanke komai. Irin wannan gida ita za ki fara gaisarwa, ki kira ta Inna, ki tambaye ta yadda suke yi a zamaninsu. Da bakinta za ta gaya miki su sai yaro ya yi tafiya ya yi wayo. In mace ta zo miki a ɓoye, sirrinta amana ne a wuyanki, ko ƙawarta ba za ki gaya wa ba. Sai dai ni na fi son in taimaka mata ta samu hanyar yi masa magana, domin abin da aka yi a ɓoye ranar da ya fito a kanta yake fashewa.

Addini, wanda kika fi zargi, shi ne mafi sauƙi a abin da na gani, in dai kin iya bakinki. Kalmar “ƙayyade iyali” ita ta ɓata mana aiki shekara da shekaru. Mutum ya ji ƙayyadewa, ya ji an ce ya yanke adadin abin da Allah zai ba shi, sai ya ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma ya rufe kunne. Tazara daban take. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, aya ta 14 a Suratu Luƙman ta ce uwa ta ɗauki cikinsa rauni a kan rauni, yayensa kuma cikin shekara biyu. Hadisin Jabir da ke Bukhari da Muslim ya ce suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani na sauka. Malamai da yawa a kan wannan suka halatta tazara don lafiyar uwa da ɗa, da yardar ma'aurata, suka bambanta ta da yanke haihuwa gaba ɗaya ba da larura ba. Ke ba malamar fatawa ba ce, kada ki ja da kowa. Ki je ki gaida limamin garin da hakimi ko maigari, ki yi musu bayanin abin da kike gani a ɗakin haihuwa, ki bar su su faɗa da bakinsu.

Yanzu abin da ya fi korar mata bayan sun fara, wato jini. Wannan ki ba shi lokaci fiye da komai. Allurar wata 3, Depo ko Sayana Press, da ta wata 2, Noristerat, da ashanar hannu, wato siririn maganin da ake sawa ƙarƙashin fatar damtse, duk suna sauya al'ada. Wata ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo ba ƙa'ida, wata ya ɗauke mata gaba ɗaya. A wurinki ƙaramin abu ne da aka rubuta a takardar magani. A wurinta salla ce da azumi da kwanan miji. Macen da ke ganin jini kwana 20 ba ta san ko ta yi salla ko ta bari ba, ranar girkinta ta zo ta wuce, kishiya na kallo. Ki gaya mata tun kafin ki taɓa ta cewa hakan na iya faruwa, ya fi yawa a watannin farko, akwai maganin da ake bayarwa ya lafa, kuma ta tambayi malamai hukuncin jinin istihala, domin a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15. Wadda jinin ya ɗauke wa kuma za ta ce yana taruwa a ciki zai zame mata ƙari. Ki nuna mata cewa shimfiɗar da mahaifa ke yi duk wata ita ce ke zubowa, maganin ya hana shimfiɗar yin kauri, don haka babu abin da ya taru, kamar dai lokacin da take shayarwa ba ta gani.

Haka tsoron cewa allura na kashe mahaifa. Yana da tushe, kada ki yi musu dariya. Bayan an daina allurar wata 3, ciki kan yi jinkiri, sau da yawa wajen wata 10 daga allurar ƙarshe, wata ma ta haura shekara. Macen da ba a gaya wa ba, in ta daina ta ga wata shida shiru, ta gama yarda an kashe mata ƙwai, kuma duk matan unguwa sai sun ji a bakin rijiya. Da an gaya mata tun farko, da ta san jinkiri ne. Ashana kuwa, Implanon mai shekara 3 ko Jadelle mai shekara 5, da robar mahaifa mai kaiwa shekara 10, ana cirewa haihuwa ke dawowa. Ki ajiye guda a teburinki su taɓa da hannunsu, su ga ba ƙarfe ba ce, su shafa damtsen wadda ta sa in ta yarda, su ji tana nan inda aka sa ta ba ta tafi zuciya ba. Mai shayar da ƙaramin jariri kada ki ba ta ƙwaya mai sinadari biyu, akwai mai sinadari ɗaya da ta dace da ita. Kuma ki auna hawan jini kafin komai.

Wani laifin namu ne, mu ma'aikata. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan tazara kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma tun 2014 aka buɗe wa ma'aikatan lafiya na al'umma irinki hanyar sa ashana in sun samu horo. Duk da haka mace kan biya kuɗin mashin ko na kwalekwale da damina ta zo a ce kaya sun ƙare, ko a ce ta sayi safar hannu da auduga. Mafi muni, ta zo a cire mata ashana a yi ta yi mata jeka-ka-dawo wai lokacinta bai yi ba. Na taɓa ganin wadda aka yi wa haka a wani wuri har ta koma wurin wanzami ya tsaga mata hannu, ta zo mini da ƙurji yana ruwa. Ranar da mace ta ce a cire, ki tambayi dalili, ki ba ta shawara, in ta tsaya a kan bakanta ki cire a ranar. Mace ɗaya da kika cire wa ba gardama, ta samu ciki bayan wata biyu, ta fi miki wa'azin shekara.

Don haka ki rage tsayuwa gaban taro. Ba mai ɗaga hannu ta yi tambayar ɗakin aurenta ga kishiyarta ko ƙanwar mijinta zaune a benci ɗaya. Ki yi maganar a lokacin da kike auna cikin, ku biyu, labule a sake, tun cikin yana wata bakwai, domin ana iya sa ashana kafin ta bar asibiti, robar mahaifa kuma cikin awa 48 da haihuwa ko bayan sati 4. Ki sake tayar da ita ranar rigakafin sati 6, wanda ya zo daidai da arba'in, lokacin da take shirin komawa ɗaki. Ki jawo ungozomar garin jikinki, domin ita ke shiga inda ba ki shiga, ita ake kira da tsakar dare. Kuma ki bar tambayar “kina son tsarin iyali?” Ki dubi goyon da ke bayanta ki ce, “Yaya, wannan kina so ya kai wane wayo kafin ya samu ƙani?” Za ta ce miki sai ya yi tafiya, ko sai an yaye shi, ko sai ya iya cin tuwo da kansa. Sai ki ce, “To me kike yi yanzu don hakan ta samu?” Ki yi shiru ki jira amsarta, ko da za ta ɗauki lokaci tana wasa da bakin mayafi.